Ƴata mai amosanin gaɓoɓi tun ƙuruciya: in aka sa mata kwatangwalon ƙarfe, zai riƙe ta?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce, ina zaune a unguwar Zariya cikin Maradi. Ƴata ta biyu shekararta 19. Tun tana ƴar shekara 7 gaɓoɓinta suka fara kumburi, gwiwoyi da wuyan hannu, ga zazzaɓi mai zuwa da marece. Mun yi na Hausa mun yi na asibiti. Sau biyu aka gwada jininta aka ce ba sikila ba ce, daga baya a Yamai aka ce amosanin gaɓoɓi ne na yara. Yanzu ciwon ya tare a kwatangwalo, na dama ya fi tsanani. Ba ta iya zama a tabarma, a kujera take sallah, da dare ba ta barci. Likitan da ya duba hotonta ya ce gaɓar ta cinye, sai an canza ta da ta ƙarfe. Mahaifinta ya ce ba a sa wa yarinya ƙarfe, wai ba ya wuce shekara 10, daga nan sai keken guragu. Don Allah mece ce gaskiya? Za ta yi tafiya kamar kowa? Za ta iya aure ta haihu?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku ladan jinya. Shekara 12 ana fama da ciwon ɗa ba ƙaramin abu ba ne, kuma yadda kika jero labarin ya nuna ke ce kike kwana a kanta.

In na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko aikin zai raba ta da ciwo, shekara nawa ƙarfen zai yi a jikinta, da kuma ko zai tare mata hanyar aure da haihuwa. Zan fara da abin da na fi tabbata da shi. A duk ayyukan da muke yi a fannin ƙashi, kaɗan ne suke kashe ciwo kamar yadda canjin kwatangwalo yake kashe shi, kuma masu irin ciwon ƴarki suna cikin waɗanda suka fi jin daɗinsa. Amma maganar Alhaji mahaifinta ma ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ƙarfen yana da wa'adi, kuma yarinyar da aka yi wa aiki tana shekara 19 sai ta sa a ranta cewa wata rana za a sake buɗe wurin. Inda ya yi kuskure shi ne a lissafin shekarun, da kuma zaton cewa in wa'adin ya cika sai keken guragu. In ya cika, canzawa ake yi.

Ban ga yarinyar ba, ban ga hotonta ba. Yanke hukunci daga nesa cinikin biri a sama ne. Abin da zan iya shi ne in shimfiɗa miki yadda muke auna lamarin, don ku koma wurin likitanta da tambayoyin da suka dace.

Abin da ciwon yake yi wa kwatangwalo

Wannan ciwo ana sa masa sunan ne idan kumburin gaɓa ya fara kafin yaro ya cika shekara 16, ya kuma wuce mako 6, aka bincika ba a sami wani dalili ba. Garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa fatar da ke lulluɓe da cikin gaɓa. Fatar ta kumbura ta yi kauri, ta riƙa cin guringuntsi, in ta gama da shi ta shiga ƙashi. Ba sammu ba ne, ba kuma sanyin da ya shige ta ba ne, kuma babu laifin da kika yi a renonta. Iri-iri ne. Wanda yake zuwa da zazzaɓin marece kamar yadda kika faɗa ya yi kama da irin da wani likitan yara ɗan Ingila, George Still, ya bayyana a 1897. Shi da irin da ke kama gaɓoɓi da yawa su ne suka fi kai wa kwatangwalo hari.

Na ji daɗi da kika ce an gwada sikila sau biyu, domin a ƙasar nan idan matashi ya zo mini da kwatangwalo a cinye, sikila ce farkon abin da nake nema, sai tarin fuka na ƙashi, sai tsohon ƙurjin gaɓa da aka yi a jarirantaka. Kowanne da yadda ake shirya masa. Ki tabbata dai gwajin da aka yi shi ne wanda ke bayyana rukunin jinin, AA ko AS ko SS ko SC, domin mai SC yakan girma ba a gane ba sai kwatangwalonsa ya tona asiri.

Bambancin kwatangwalon ƴarki da na dattijon da shekaru suka cinye wa gaɓa shi ne, nata ya lalace ne tana cikin girma. Dattijo ya gama gina ƙashinsa sannan ya lalace. Ita kuwa ana cikin gini ne ruwa ya yi ta dukansa. Shi ya sa ƙashin cinyar irin waɗannan yara yake fitowa siriri, ramin ɓargonsa matsattse, wuyan ƙashin a murɗe zuwa gaba fiye da kima. Kwarmin da kan ƙashin ke zama a ciki wani lokaci ya yi ƙanƙanta, wani lokaci kuma ya lotsa can cikin ƙugu. Jijiyoyin gaba da na matsematsi sukan ɗaure, ƙafar ta kasa miƙewa, ta kasa buɗewa. Ki lura da ita in ta tsaya, za ki ga bayanta ya gantsare. Ramuwar da jiki yake yi ke nan saboda kwatangwalon ya ƙi miƙewa.

Akwai kuma abin da magani ya ƙara. Kusan duk yaron da ya zo mini da wannan ciwo ya sha prednisolone ko dexamethasone shekara da shekaru, wani da takardar likita, wani daga tiren masu talla a kasuwa, don shi ne yake sa yaro ya tashi ya yi wasa. Maganin yana kwantar da kumburi, amma yana tsaida tsawo, yana rarake ƙashi, yana kuma iya kashe kan ƙashin cinya. In fuskarta ta yi kumburi zagaye, fatarta ta yi laushi, ki gaya wa likita gaskiyar abin da ta sha da tsawon lokacin. Kada kuma a tsaida shi rana ɗaya, domin jikin da ya saba da shi yana iya faɗuwa. Sannu a hankali ake janye shi.

Alƙaluman da ake da su

Aikin kansa ba sabo ba ne. Wani likita ɗan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita shi a 1962. Ana yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, a zura ƙarfe mai tsini cikin ramin ɓargo, a ɗora masa ƙwallo na ƙarfe ko na tangaran. A gefen ƙugu kuma a kankare kwarmin, a kafa masa ƙoƙo mai shimfiɗar roba mai tauri ko tangaran. Wani ana kafa shi da simintin ƙashi, wani kuma bayansa kaushi gare shi, ƙashi ne yake tsirowa ya kama shi.

A 2019 masana daga Jami'ar Bristol sun tattara bayanan dubban ɗaruruwan ayyuka suka buga a mujallar Lancet. Sun tarar kusan 9 cikin 10 na kwatangwalon da aka sa suna nan daram bayan shekara 15, kimanin 7 cikin 10 bayan shekara 20, kusan 6 cikin 10 bayan shekara 25. Sai dai yawancin waɗannan mutane sun haura shekara 60 lokacin da aka yi musu aikin, saboda haka ba da su za a auna ƴarki ba.

Wanda ya fi kusa da ita shi ne wani bincike na babban asibitin ƙashi na birnin New York a Amurka, wanda aka buga a 2015. Sun bi sawun mutum 56 masu irin wannan ciwo, dukkansu an yi musu aikin ba su wuce shekara 35 ba. Bayan shekara 10, kashi 85 cikin 100 na gaɓoɓin suna aiki ba a taɓa su ba. Zuwa shekara 20 kuwa, wajen rabi sun buƙaci a sake aiki. Sun kuma lura cewa waɗanda suka ɗan manyanta kafin a yi musu, nasu ya fi jimawa.

To Alhaji ya ji: a shekara ta 10 da yake tsoro, fiye da 8 cikin 10 suna tafiya da ƙarfensu na farko. Amma ki ɗora lissafin a kan ƴarki. In an yi mata yanzu, tana kai shekara 39 ƙuri'ar ta zama rabi da rabi. In Allah ya ba ta tsawon rai, aiki biyu ko uku ne a gabanta a kan wannan ƙafa. Ni haka nake gaya wa iyaye baro-baro, don na fi son su ji daga bakina yau da su ji daga bakin wani bayan shekara 15 su ce an yaudare su.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, da yawa daga cikin waɗancan mutane an yi musu aikin ne da kayan da. Babbar matsalar kayan da ita ce robar. Kowane taku yana goge ta, ƙurarta ta taru, jiki ya ɗauke ta baƙuwa ya far mata, garin haka ya narkar da ƙashin da ke riƙe da ƙarfen har ya fara girgiɗi. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fito da roba mai ƙarko wadda gogewarta ta ragu ƙwarai, tangaran ma an inganta shi. Muna da kyakkyawan zaton na yanzu zai fi jimawa, amma zato ne mai dalili, ba alkawari ba, domin kayan da bai kai shekara 30 da fitowa ba, ba mai iya rantsewa a kan shekara 40 ɗinsa. Abu ɗaya da zan ce ku ƙi shi kai tsaye shi ne ƙarfe a kan ƙarfe, ƙwallo da ƙoƙo duka. Yana zubar da ƙurar ƙarfe cikin jini, kuma ba a sa wa mace mai shirin haihuwa.

"Kamar kowa" da kika ce

Ciwo zai tafi, ko duka ko mafi yawansa, in sha Allahu. Na taɓa zagayen safe kwana biyu bayan aiki na tarar da wata yarinya sa'ar ƴarki tana kuka. Na ɗauka rauni ne ke mata zugi, na fara neman a ƙara mata allura. Sai yayarta ta ce a'a, wai ta farka ne ta ga gari ya waye, kuma rabonta da ta kwanta ta buɗe ido ta ga safiya tun tana makarantar firamare. Ciwon yanka daban, ta ce tana jin sa, amma wancan mai cizo daga can ciki babu shi.

Tafiya kuwa, ba kwatangwalo kaɗai ke yin ta ba. Aikin yana gyara gaɓa ɗaya, ciwon yana nan a jiki. In gwiwoyinta sun ƙage, ko idon sawunta ya karkace, za ta rage ɗingishi amma ba lalle ya ɓace ba. In wuyan hannunta da kafaɗunta sun lalace, riƙe sandunan tafiya a makonnin farko zai ba ta wuya, sai an nemo irin waɗanda ake ɗora damtse a kai. Saboda haka likitan kirki zai duba ta daga wuya har tafin ƙafa kafin ya sa rana. Idan kwatangwalo da gwiwa duk suna son canji, da kwatangwalo ake farawa. Idan ɓangarorin biyu duk sun ƙage a lanƙwashe, gyara ɗaya a bar ɗaya ya daɗe yakan jawo sabon ya koma ya lanƙwashe, don ba ta iya miƙewa ta tsaya. Kika ce na dama ya fi tsanani, to ku tambaya tun yanzu mene ne shirin na hagu, da kuma kuɗinsa.

Jira ko a yi yanzu

A nan ne ni da iyaye muka fi ja-in-ja. Tun da aikin yana da wa'adi, hankali yana cewa a ja lokaci iyakar iyawa. Gaskiya ne, kowace shekarar da aka samu da gaɓarta ta asali riba ce, in dai tana rayuwa a cikin shekarar. Yarinyar da ke zuwa makaranta, tana barci, ciwon yana lafawa da magani, ni ma cewa nake a jira. A gyara mata magani, a sa ta motsa jiki, ta riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, wani lokaci a yi allura a cikin gaɓar.

Amma jira yana da nasa farashi. Akwai wani saurayi da aka kawo mini daga wani ƙauye ta wajen Dakoro, a bayan mota kwance kan katifa. An gaya wa mahaifinsa tun yana shekara 17 cewa ana son aiki, aka ce a bari ya ƙara girma. Shekara uku ya yi a ɗaki. Da ya zo, cinyoyinsa sun tsotse ba su fi damtsena ba, ƙafafun a naɗe kamar mai zaman tahiya. An yi aikin, ciwo ya tafi, amma sai da aka saki jijiyoyi da yawa, aka yi watanni ana miƙar da shi. Yau yana tafiya da sanda ɗaya yana ɗinkinsa. Na tabbata da an yi masa lokacin da yake kan ƙafafunsa da babu sandar. Ƙarfe yana maye gurbin gaɓa, amma naman da zai ɗaga ƙafar nasa ne, in ya mutu babu na sayarwa. Ƙashin ma ci gaba yake da cinyewa, har a rasa inda za a kafa ƙoƙon sai an yi ciko.

Ma'aunin da nake amfani da shi bai wuce wannan ba: ciwon da ke hana barci duk da magani, tafiyar da ta taƙaita a tsakar gida, kasa kula da tsarkin kai, da hoton da ya nuna ƙashi yana gogar ƙashi. Abin da kika rubuta ya taɓo mafi yawansu. Girma ba zai zama shamaki ba, don a shekara 19 ƙasusuwan mace sun rufe, hoton ma zai nuna.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Aikin irin waɗannan yara ya fi na manya wuya, kuma yawancin wahalar ana iya hango ta tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Na farko girman kayan. Na taɓa ganin ramin ɓargon da ƙaramin yatsana ba zai shiga ba. Ƙarfen da aka ƙera don ƙaton mutum in aka tilasta shi cikin irin wannan ƙashi, tsagewa zai yi kamar karan dawa. Dole a auna hoton tun da wuri, a tabbata ƙananan lambobi suna nan a ɗakin kafin a yanka. Ku tambaya da bakinku, ba rashin kunya ba ne.

Na biyu, wanda iyaye ba su taɓa kawowa a ransu ba, shi ne wuya da muƙamuƙi. Ciwon yakan manne ƙasusuwan wuya, ko ya sassauta na can sama, yakan kuma hana haɓa girma har baki ya kasa buɗewa sosai. Mai ba da maganin barci in bai sani ba, sa bututun numfashi zai iya zame masa tashin hankali. Ki gwada a gida: ta buɗe baki, yatsunta uku a jere za su shiga? Tana iya ɗaga kai ta kalli rufin ɗaki? Ko me kika gani, a yi hoton wuya, kuma mai maganin barcin ya gan ta kwanaki kafin aikin. Sau da yawa allurar baya ake yi, wadda ke kashe rabin jiki, amma duk da haka sai an shirya wa ko-ta-kwana.

Sai magungunanta. In tana shan methotrexate, maganin amosanin gaɓoɓi wanda sau ɗaya ake sha a mako ba kullum ba, galibi ba a tsaida shi don aiki. In tana kan alluran zamani irin su etanercept ko adalimumab ko tocilizumab, ana sa ranar aikin ne bayan wa'adin allurar ƙarshe ya ƙare, a kuma koma mata idan rauni ya warke, wajen mako biyu. Ba ki ambaci abin da take sha ba. In har babu kome sai maganin kashe zafi da prednisolone, to wannan giɓi ne da ya kamata a cike ko da aiki ko babu, domin sauran gaɓoɓinta suna cikin haɗari. A Amurka, tsakanin 1991 da 2005, yawan canjin gaɓa ga masu wannan ciwo ya ragu da kusan rabi, shekarun da ake yi musu kuma suka tashi daga wajen 31 zuwa wajen 37, a daidai lokacin da methotrexate ya yaɗu, alluran zamani kuma suka fara shigowa. Mu a nan har yanzu muna ganin irin ɓarnar da su suka rage gani, saboda likitocin amosanin gaɓoɓi ƴan kaɗan ne a Nijar kuma maganin yana da tsada. Kafin a fara waɗannan magunguna ana gwada ciwon hanta da tarin fuka. A kai ta kuma wurin likitan ido, don ciwon yana taɓa ido a ɓoye, ba ja ba zafi.

Babban abin tsoro a wannan aiki ƙwayar cuta ce. A ƙasashen da suke ƙirgawa, wajen 1 zuwa 2 cikin 100 ne, ya kuma fi haka ga masu shan maganin da ke rage garkuwa. In ta kama ƙarfe ba ta jin magani, sau da yawa sai an cire an wanke an jira an sake sawa. Don haka ruɓaɓɓen haƙori, maruru, ciwon fitsari, gyambo, duk a gama da su tukuna. Ina roƙon ku, daga yau kada a sake yi mata ƙaho ko tsaga ko sakiya a kan ƙugun nan. Na san ana yi ne don tausayi, amma fatar da za mu bi ke nan. A duba yawan jininta, a kuma shirya ƴan uwa masu ba da jini.

Bayan aiki, a gidan Bahaushe

Washegari ko jibi ake tsayar da ita ta taka. Makonni 6 zuwa 12 na farko su ne na taka-tsantsan, lokacin da naman da ke kewaye da gaɓar yake warkewa, kuma a nan ne ƙwallon ya fi saurin gocewa. Takardun da ake ba majinyata an rubuta su ne don gidajen da ke da gado mai tsawo da masai na zama. Mu rayuwarmu a ƙasa take: tabarma, kujera ƴar tsuguno, murhu, wanki a kwano, salga. Duk waɗannan suna lanƙwasa kwatangwalo fiye da yadda ake so.

Saboda haka kafin ta dawo gida, a ba kafinta ya yi mata kujera mai rami wadda za a ɗora a kan masai, tsawonta ya kai gwiwarta ko ya ɗan fi. A ɗaga gadonta da bulo in ya yi ƙasa. Ta ci gaba da sallah a kujera mai tsawo, addini ya yi mata rangwame. Ba harɗe ƙafa, ba sunkuyawa ɗaukar abu, ba hawa kabu-kabu. Daga baya wasu suna komawa sujada da zama a ƙasa, wasu kuma likitansu yakan hana su tsuguno har abada. Ya danganta da ta inda aka shiga, da girman ƙwallon, da irin ƙoƙon. Akwai wani iri mai motsi biyu da aka ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1970, wanda gocewarsa ba ta da yawa, likitocin da suka yi karatu a tsarin Faransa sun san shi sosai. Ko ya dace da ita, wanda zai yi aikin ne zai faɗa. Ku dai gaya masa yadda take rayuwa, kada ku bari ya yi zato.

Masu gashi da motsa jiki, waɗanda muke kira kine, rabin aikin a hannunsu yake. Yarinyar da ta yi shekaru ba ta miƙe ƙafa ba tana buƙatar watanni, ba makonni ba. In za a yi aikin a wani gari, a san wanda zai karɓe ta a nan Maradi tun kafin a tafi. Za a ba ta maganin hana daskarewar jini na ƴan makonni, kada a yanke shi don an ga ta warware. Kumburin sha-raɓa, ko numfashi sama-sama, ko ruwa daga rauni, ko zazzaɓi, kada a ce masassara ce a sayo magani a kanti. A kai ta asibiti a ranar.

Aure da haihuwa

Ƙarfen kwatangwalo ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya taɓa mahaifa, ba ya cutar da ɗa. Hasali ma ƙafar da ta ƙi buɗewa ita ce take wahalar da zaman aure da haihuwa, aikin kuwa buɗe ta yake yi. Mata da yawa masu ƙarfen sun haihu da kansu. In aka yi wa ƴarki tiyatar haihuwa, zai fi yiwuwa saboda ƙugunta ya tashi ƙarami ne sakamakon ciwon. A asibiti za ta haihu, wannan kam babu ja. Ina ba da shawarar a bar wajen shekara ɗaya bayan aiki kafin ciki.

Inda haɗarin yake shi ne methotrexate. Yana zubar da ciki, yana kuma naƙasa ɗan tayi. Dole a tsaida shi watanni kafin a nemi ciki, galibi wata uku, a canza mata wani da sanin likita. Wannan magana ce da ya kamata ita da wanda zai aure ta su ji tare. Kada a ɓoye masa kome, har da cewa akwai wani aikin a gaba.

Inda za a yi

Ana yin canjin kwatangwalo a manyan asibitocin Yamai, ana yi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wasu kuma suna fita Tunusiya ko Maroko ko Masar ko Indiya. Kuɗin miliyoyin sefa ne duk inda aka dosa, kuma aikin sakewa ya fi na farko tsada da wuya. Ba zan zaɓar muku wuri ba. Ku tambayi likitan sau nawa yake yin aikin a shekara, ko ya taɓa yi wa mai irin wannan ciwo, da kuma wa za ku nema in wani abu ya taso bayan wata shida. Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, wanda ƙwallonsa ya goce da tsakar dare ba zai iya wannan tafiya ba, saboda haka likitan ƙashi na nan gida ya san da ita tun farko. Duk shekara ɗaya ko biyu a yi hoto ko da ba ta jin kome, domin narkewar ƙashi a kewayen ƙarfe ba ta ciwo sai ta yi nisa, kuma canza robar kaɗai ya fi sauƙi nesa ba kusa ba da canza duka.

Kwanakin baya wata mata ta zo mini da ƙarfen da aka sa mata a waje shekara 12 da suka wuce, ya fara girgiɗi. Na nemi takardun aikin, ta ce sun ɓace garin tashi daga gidan haya. Mun yi makonni muna aika hoton wa abokan aiki don gane kamfanin da lambar, saboda kayan wani kamfani ba ya hawa na wani. Kowane kwalin kayan yana zuwa da ƴan tambura masu suna da lamba. Ranar sallama ki nemi a manna miki su a takarda tare da rahoton aikin, ki ɗauki hotonsu a waya ki tura wa mutum biyu cikin dangi, ainihin takardar kuma ki adana ta inda kike ajiye takardun gida.